Wata uku a motar Waymo: tuƙi ya yi, saura sanin wanda za a kama

Shekara ashirin da shida na yi a sashen biyan diyya na wani kamfanin inshora, goma sha bakwai a Kaduna kan haɗurran mota, tara a Legas kan kayan da ake kawowa ta ruwa. Duk fayil ɗin da aka ajiye a teburina, kafin in duba hoton mota ko rahoton 'yan sanda, abu guda nake fara nema: wa ke riƙe da sitiyari? Sunansa, lambar lasisinsa, wa ya ba shi motar, yana ina yanzu. In an samu wannan, sauran aikin lissafi ne. In ba a samu ba, fayil ya kwanta ke nan, wani lokaci shekaru, matar mamaci da marayu suna ta sintiri a ƙofar ofis.

Da wannan idon na shiga motar Waymo, tasi mai tuƙa kanta ba direba, karon farko a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka, cikin watan Satumban 2025. Autata ce ta haihu, na je wankan jego. Mijinta na fita aiki tun da sassafe, ita kuma tana ɗaki da jinjiri, ni ba ni da lasisin ƙasar, garin kuma ba a tafiyar ƙasa a cikinsa, don ranarsu ba ta da maraba da ta Sakkwato a watan Afrilu. Surukina ne ya sa mini manhajar a waya ranar wata Alhamis da dare. Ya ce, "Mama, gobe ki gwada ta zuwa masallaci. Ba direba, ba mai dame ki da surutu." Na ce to, Allah ya kai mu. Kafin in baro ƙasar na duba wayata, na ga na hau sau 41.

Ga yadda abin yake ga wanda bai taɓa gani ba. Za ka rubuta inda za ka a manhaja, ta faɗa maka kuɗi tun kafin ka amince, ta nuna maka a taswira inda motar za ta tsaya. Farar Jaguar ce mai aiki da lantarki, da wata na'ura a kan rufinta kamar an kife tukunya, wasu ƙanana kuma suna juyawa a gefe da gefe. Kyamara 29 ne a jikinta, ban da radar da na'urorin leza masu auna tazara. A jikin tukunyar nan ta sama haruffan farko na sunanka suke haskawa, don ka gane taka. Hannun ƙofa a shafe yake, sai ka danna a waya ya fito. Ka shiga, ka ɗaura bel, ka taɓa allo, sitiyari ya fara juya kansa. Mutum huɗu take ɗauka. Kana iya zama gaba, amma kujerar direba ba a zama, ba a kuma taɓa sitiyari.

Na karanta addu'ar hawa abin hawa, ban kuma daina salati ba sai da muka wuce danja ta uku. Daga nan zuciyata ta fara sauka, domin tuƙin irin wanda na yi shekaru ina roƙon direbobi su yi ne. Ba ta wuce ƙa'idar gudu. Tana sa sigina tun da nisa. In mai keke na gefe takan ba shi fili sosai, in mutum ya nufo bakin titi takan sassauta tun bai sa ƙafa ba. A allon da ke gabanka kana ganin abin da take gani: motoci, masu tafiya, har wanda ke bayan wata mota da idonka bai kai gare shi ba. Wata Juma'a muna dawowa, wani yaro a kan babur ɗin lantarki ya faɗo titi daga tsakanin motocin da aka ajiye. Ni ban gan shi ba sai da na ji birki. Da direban da ke duba waya ne a wurin, da wani labarin ake yi.

Kuɗin da na biya tsakanin dala 9 ne zuwa 22, gwargwadon nisa da lokaci. Surukina ya ce sau da yawa takan ɗara tasi mai direba tsada kaɗan, amma ba a ba da tukuici, wanda a Amurka kusan wajibi ne. Cikinta tsaf, sanyi daidai, ba warin taba. Wata shawara ga masu ciwon gwiwa irina: motar na tsayawa ne inda doka ta yarda a tsaya, don haka ka duba alamar taswira kafin ka kira, ka matsar da ita kusa da inuwa in da hali. Akwai maɓallin neman ta tsaya a gefe, akwai na kiran ma'aikaci, mutum mai rai, ya yi maka magana ta lasifika. Ka kuma sani cewa akwai kyamara a ciki tana kallonka.

Abin da ya fi kwanta mini a rai, wanda mata za su fi ganewa, shi ne rashin keɓewa da baƙon namiji. Mace ta fito daga asibiti ƙarfe goma na dare, ko ta taso daga karatu bayan isha'i, ta shiga mota ita kaɗai, ba mai kallonta ta madubi, ba mai tambayarta daga wace ƙasa take ko me ya sa ta rufe kai. A masallacin Tempe, mai kubba ruwan zinare da aka kwaikwayo daga ta Ƙudus, na haɗu da 'yan uwa mata daga Sudan da Somaliya da suka ce don wannan dalilin kaɗai suka koma hawanta. Tun watan Yulin 2025 ma kamfanin ya buɗe wa 'yan shekara 14 zuwa 17 a yankin Finiks, babban birnin Arizona da ke maƙwabtaka da Tempe, damar hawa su kaɗai ƙarƙashin asusun iyayensu.

In tuƙi kaɗai ake tambayata, ban da abin cewa sai yabo. Alƙaluma ma suna goyon baya. A ƙarshen 2024 Waymo da Swiss Re, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora, sun fitar da nazari kan tafiyar mil miliyan 25.3. Sun ce neman diyyar ɓarnar dukiya ya yi ƙasa da na direbobi mutane da kashi 88 cikin ɗari, na raunin jiki da kashi 92. Da hannun Waymo a cikin nazarin, wannan a riƙe shi, amma na san mutanen inshora ba sa wasa da lissafin abin da zai fita daga aljihunsu. A ƙasar da titi ke cin rai kusan 40,000 duk shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwar haɗari ya san haka.

Amma hanyarmu ta zuwa masallaci takan bi ta titin Mill, arewa da gadar tafkin Tempe, kusa da mahaɗar titin Curry. A mako na biyu surukina ya nuna mini wurin. Nan ne, daren Lahadi 18 ga Maris 2018, wajen ƙarfe goma, motar gwaji ta kamfanin Uber ta buge Elaine Herzberg, 'yar shekara 49, tana tura kekenta za ta tsallaka titi. Ita ce mai tafiya a ƙasa ta farko da aka sani motar da ke tuƙa kanta ta kashe. Daga ranar ban sake wuce wurin ba tare da na tuna ta ba.

Na zauna na karanta yadda shari'ar ta kaya, don irin aikina ne. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa na'urar motar ta hango matar daƙiƙa 5.6 kafin karo, amma ta yi ta sauya shawara kan ko mota ce, ko keke, ko wani abu daban. Ba a koya mata cewa mutum na iya tsallaka titi a inda ba a shata masa ba. Birkin gaggawa da kamfanin Volvo ya ƙera motar da shi kuma an kashe shi. A kujerar direba akwai ma'aikaciya, Rafaela Vasquez, wadda aikinta shi ne ta sa ido, kuma 'yan sanda sun ce hankalinta na kan waya. Kamfanin ya sasanta da iyalan cikin 'yan kwanaki. A 2019 mai gabatar da ƙara ya ce bai ga laifin da za a tuhumi Uber da shi ba. Ita ma'aikaciyar aka gurfanar, a watan Yulin 2023 ta amsa laifin jefa rai cikin haɗari, aka yi mata ɗaurin talala na shekara uku.

Ban ce ba ta da laifi ba. Amma na san wannan fayil ɗin, na riƙe irinsa da hannuna. Akwai wata tankar mai da ta murƙushe ƙaramar mota kusa da Jaji, a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Direba ya tsere cikin daji don tsoron jama'a. Aka kama karen mota, yaro ɗan shekara goma sha tara, ya yi wata bakwai a tsare. Birkin tankar ya daɗe da lalacewa, an kuma sha faɗa wa mai ita, amma shi ko ofishin 'yan sanda bai taka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Doka a ko'ina wuyan mutum take nema, kuma wuyan da ya fi kusa, wanda ya fi rauni, shi take samu.

To a Waymo ko karen motar babu. A watan Yunin 2024 wani ɗan sanda a Finiks ya tsayar da ɗaya daga cikin motocin bayan ta shiga hannun masu tahowa a wurin da ake gyaran titi. Ta tsaya, gilashi ya sauka, ba kowa. Ya yi magana da ma'aikacin kamfanin ta lasifika, aka rabu ba tara, duk da cewa a takarda dokar Arizona ta yarda a rubuta wa kamfanin. Ina can kuma, ƙarshen Satumba, 'yan sandan San Bruno a Kalifoniya suka tsayar da wata da ta yi kwana ta juya a inda aka hana. Suka ce takardar tararsu ba ta da gurbin rubuta mutum-mutumi. Jihar ta yi wata doka a 2024 da za ta ba ɗan sanda damar aika wa kamfani takardar saɓa ƙa'ida, aka tsara ta fara aiki a watan Yulin 2026. Motoci sun yi shekaru suna ɗaukar fasinja kafin takardar ta iso.

Wani zai ce tara ai ƙaramin abu ce. A wurin direba mutum, tara tarbiyya ce: yau tara, gobe maki a lasisi, jibi a ƙwace lasisin. Nan kuwa direba ɗaya ne a cikin dubban motoci. In ya koyi mummunar ɗabi'a, duk sun koya lokaci guda. A watan Disamban 2025 kamfanin Waymo ya yi kiranyen manhajar motoci sama da 3,000 saboda wasu sun riƙa wuce bas ɗin 'yan makaranta da ta tsaya tana sauke yara, abin da dokar Amurka ta haramta ƙwarai, kuma hukumar makarantun Austin ta yi ta ƙorafi a kai. Gyaran ma lokaci guda yake shiga duka, wannan alheri ne da ba a samu a wurin mutane. Sai dai tsakanin ranar da ɗabi'ar ta fara da ranar da aka gyara, yaran da ke sauka daga bas ba su san ana jiran sabuwar manhaja ba.

A makarantar matan aure da na yi a Unguwar Sarki mun karanta Risala, kuma akwai wata magana a babin diyya da ta riƙa dawo mini ina zaune a bayan motar nan. Mutum uku ne ke lamunin abin da dabba ta taka: mai kora ta, mai jan ta, da mahayinta. Abin da ta yi ba da aikin ɗayansu ba, ya faɗi a banza. To ni ce mahayiya? Ban riƙe linzami ba, an ma hana ni taɓa shi. Mai kora shi ne injiniyan da ya rubuta manhaja shekaru uku da suka wuce a wani gari? Ko ma'aikacin da ke zaune gaban allo, wanda motar ke neman shawararsa in ta rikice? Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba. Amma abin da nake tsoro shi ne kada jinin mutum ya faɗa cikin kashi na huɗu, a ce ba aikin kowa ba ne. Dabba tana da nata son rai. Motar nan ba ta da shi, duk abin da ta yi wani ne ya tsara, wani ya gwada, wani ya sa hannu a sake ta a titi, wani kuma yana karɓar dala 14 ɗina.

Nan na zo ga abin da ya fi damuna, wanda ban ga masu yabon motar ko masu zaginta suna tsayawa a kai ba. Maganar shaida ce. A fayil ɗin haɗari na da, ina da bakin direba, bakin fasinja, bakin mai shayin da ke bakin titi, da awon jami'in duba motoci. Kowa da son ransa, amma in ka haɗa su gaskiya takan leƙo. A motar da ba direba, shaidar da ta fi kowace kyau a tarihin haɗurra tana nan: hoto ta kowace kusurwa, gudu, birki, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Amma tana hannun wanda za a tuhuma.

An riga an ga abin da hakan ke haifarwa. Ranar 2 ga Oktoban 2023 a San Faransisko, wani direba mutum ya buge wata mata ya wurga ta gaban wata mota mai tuƙa kanta ta kamfanin Cruise, na General Motors. Motar ta taka ta, ta tsaya, sannan ta yi ƙoƙarin komawa gefen titi da matar a ƙarƙashinta, ta ja ta kusan mita shida. Rahoton da kamfanin ya fara ba hukuma bai ambaci jan ba. Da abin ya fito, Kalifoniya ta dakatar da lasisinsu ranar 24 ga watan, daga baya suka amsa cewa sun ba da rahoton ƙarya suka biya tarar dala 500,000, ban da dala miliyan 1.5 ta hukumar kiyaye haɗurra. A Disamban 2024 General Motors ya rufe harkar gaba ɗaya. A Filorida kuma, a shari'ar wani haɗari na 2019 da ya kashe wata matashiya, Tesla ya ce ba ya da bayanan daƙiƙun ƙarshe na motar. Wani masanin kwamfuta da lauyoyin iyalan suka ɗauko shi ya zaƙulo su daga na'urar motar. A watan Agustan 2025 kotu a Miami ta ɗora wa kamfanin dala miliyan 243, ko da yake waccan motar mai taimaka wa direba ce, da mutum a kan sitiyari. Iyali nawa ne ke da halin ɗauko irin wannan masani?

Waymo ba a kama shi da irin wannan ba, kuma yana wallafa alƙaluman haɗurransa fiye da takwarorinsa, a yaba masa. Amma shi ma a 2022 ya je kotu don hana hukumar motocin Kalifoniya sakin wasu bayanan haɗurra, ya ce sirrin kasuwanci ne, kotu kuma ta ba shi kariya. Sharuɗɗan da kake dannawa ka amince da su kafin hawa, kamar na yawancin manhajojin Amurka, suna tura rigima gaban mai sasanci maimakon kotu. Kada a raina wannan dannawar. A 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara a New Jersey ta hana wasu ma'aurata da suka ji munanan raunuka a motar Uber kai ƙara gaban kotu, saboda an amince da sharuɗɗa a manhajar odar abinci ta kamfanin, su kuma sun ce 'yarsu ce ta danna.

Birtaniya ta fi burge ni a nan. Tun 2018 dokarsu ta ce in mota na tuƙa kanta ta yi ɓarna, kamfanin inshora ya fara biyan wanda aka cuta, daga baya ya je ya yi rigimarsa da wanda ya ƙera. Mai karyayyen ƙashi ba ya jiran injiniyoyi su gama gardama. Dokarsu ta 2024 kuma ta ce dole kowace irin motar nan ta kasance da wani kamfani takamaimai da ya yi rajistar ɗaukar alhakin tuƙinta, an sauke wa mutumin da ke ciki laifin yadda ta yi tuƙi, kuma ɓoye wa hukuma bayanin tsaro laifi ne da zai iya hawa kan manyan jami'an kamfanin su kansu. Jamus a 2021 ta wajabta mutum mai suna da zai riƙa sa ido daga nesa. A Amurka kuwa kowace jiha da tata.

Shekaruna na Legas sun sa ba na iya tunanin wannan ba tare da jiragen ruwa ba, don can ma ana kan hanyar cire mutum. Jirgin Yara Birkeland na ƙasar Norway, mai tsawon mita 80 da ɗaukar kwantena 120, ya fara jigilar takin zamani a 2022 tsakanin Porsgrunn da Brevik. An gina shi don ya yi tafiya ba kowa, amma da ma'aikata ya fara, kuma gajeriyar tafiya ce cikin ruwan ƙasa ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya. Da a ce zai fita babban teku, da lissafi ya canza. Dokokin kauce wa karo na 1972 sun ce kowane jirgi ya kasance da mai tsaro da ido da kunne. Kyamara ido ce? Dokokin Hague na 1924, waɗanda muka sha fama da su, sun yafe wa mai jirgi asarar kaya in kuskuren tuƙi ne na kyaftin ko ma'aikata, amma ba su yafe masa ba in ya saki jirgin da bai cancanci shiga teku ba. To manhaja ta yi kuskure ta kifar da kwantenar ɗan kasuwar Kantin Kwari: kuskuren tuƙi ne, ko jirgin ne tun asali bai cancanta ba? Amsar ita ce bambancin a biya shi ko ya tashi a tutar babu. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya da ke Landan ta gama tantance irin waɗannan tambayoyi a 2021, kuma ƙa'idar da za ta zama dole ba a sa ran ta fara aiki kafin 2032.

Ko da kyaftin da ma'aikata ma ba sauƙi. Jirgin Dali ya rushe gadar Baltimore a Amurka ranar 26 ga Maris 2024, ma'aikatan gyaran titi shida suka mutu, cikin 'yan kwanaki masu jirgin suka garzaya kotu da wata doka ta 1851 suna neman a taƙaita abin da za su biya a kusan dala miliyan 44. Amma a teku akwai abu ɗaya da titi ya kamata ya kwafa: tun 2002 ake wajabta wa manyan jirage na'urar naɗar bayanan tafiya, kuma in an yi haɗari masu bincike na hukuma ne ke ɗauke ta.

Akwai kuma wajibin da ba na jin na'ura za ta iya saukewa. Dokar teku ta ɗora wa kyaftin ceton duk wanda ya gani yana nitsewa. A watan Agustan 2020 tankar Maersk Etienne ta tsamo mutum 27 daga Bahar Rum, ta yi kwana 38 da su a kusa da Malta ba ƙasar da ta yarda a sauke su. Ma'aikatan jirgin ne suka ba su abinci da wurin kwana. Mun san 'ya'yan waye ke bi ta Agadez su shiga waɗannan kwale-kwale. Jirgin da ba kowa a cikinsa, wa zai jefa igiya, wa zai miƙa hannu ya jawo yaron da ƙarfinsa ya ƙare?

Duk da haka ban daina hawa ba, kuma wanda ya je Finiks ya tambaye ni zan ce ya hau. Ranar da muka yi arba'in, ni da mai jego da jinjiri muka tafi asibiti a duba su, a cikinta. Motar ba ta zuwa da kujerar jarirai, kai za ka kawo taka, doka kuma ta wajabta. Na ɗaura kujerar da kaina, na ja bel ɗin sau biyu. Sai na yi abin da nake yi a tashar Kawo duk lokacin da zan sa ɗa a mota: na zaga baya na rubuta lambar motar a takarda, da lokacin da muka shiga, na tura wa surukina. 'Yata ta ce, "Mama, ai duk yana cikin manhaja." Na ce mata na sani, amma manhajar tasu ce. Na kuma gaya mata abin da zan gaya wa duk mai hawa: in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ki kira lambar gaggawa ta 911 da kanki, ki ɗauki hotuna da wayarki, ki karɓi lambar mutum biyu da suka gani da idonsu, kada kuma ki sa hannu a kowace takarda sai lauya ya karanta. Ta ce to. Na shiga na zauna kusa da jikana, na yi bismillah, na taɓa allo.